Katin Kyamarar da Aka Ɗinke a Laya

Na san abin da kuka tashi kuna ji game da ni a garin nan, ko da yake babu wanda ya taɓa tarar gabana da shi a cikinku. An ce ubanku, Ilu mai hoto, ya huda katin kyamara da hannunsa don kada yayansa ya ci gonar fadama. Kun ji shi a bakin rijiya, kun ji shi a majalisa, matan cikinku sun ji shi a gidajen aurensu ranar da aka so a ɓata musu rai. Na yi shiru lokacin da shirun yake da amfani, daga baya na so in yi magana na rasa mai saurare. Yanzu duk waɗanda maganar ta shafa sun kwanta dama, saura ni. To ku natsu ku ji, wanda ya ga dama ya yarda.

Mu biyu ne maza a wurin Baba, ni da Yaya Habu, sai ƙannenmu mata. Yaya Habu shi ne ɗan fari, kuma ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan kalmar ba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ko Inna sun kama sunansa ba. In Baba yana son magana da shi, ga shi ga shi, sai ya dubi bango ya ce, ku ce wa wancan ya kai taki gona. Inna kuwa in ya shigo tsakar gida sai ta sunkuyar da kai ta hau tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Kunyar ɗan fari ke nan, haka suka gada, kuma ba ƙiyayya ba ce. Amma ni da nake ɗan lele ina kallon fuskar Yaya in Baba ya dafa kaina yana dariya. Shi ya riƙe gandu. Shi ne sharar gona, shi ne shuka, shi ne noman farko da maimai, shi ne ban ruwan rani a fadama har tafin hannunsa ya koma kamar bayan kunkuru. Ni kuwa ina bisa keke da kyamara a wuya, yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi kasuwar Gezawa. Baba kan ce sana'ata kama inuwar mutane ce, ya ce in ranar lahira aka ce in hura musu rai sai in san inda zan shiga. Shi kansa bai taɓa yarda na ɗauke shi ba.

Da aka daina fim na sayi kyamarar zamani, mai ɗan allo a baya da kati ƙarami kamar farcen babban yatsa, wanda yara ke kira memori. Ta wahalar da ni kafin mu saba. Ranar sunan farko da na je da ita duk mutanen suka fito da jajayen idanu kamar sun kwana a wurin toya ƙosai, sai da na gane filashi ne. Wani lokaci idonta ya fito ya ƙi komawa, ashe yashi ne ya shiga, sai a hure shi a hankali, ba a dannawa da ƙarfi. In hoto ya yi dishi-dishi, ko hannu ne ya girgiza ko maiƙon yatsa ne a gilashi. In bidiyo yana tsayawa yana tafiya, katin ne ba shi da sauri ko ya kusa cika. In ta mutu ana tsakiyar rawa, batir ne na banza aka sayar maka. Na koyi duk wannan da kunya da zagin uwayen biki, har na kai in ta yi gardama nakan san inda ke mata ciwo kafin in buɗe ta. Ina faɗa muku wannan ne don ku san ba jahilin kyamara ba ne ya tsaya a zauren gidanmu a waccan shekarar.

A shekarar ne ƙafafun Baba suka kumbura. Damina ta ja baya, gero ya yi kai, wata ranar la'asar ya aika aka kira ni. Yaya Habu ya tafi kasuwa sayar da akuya. Baba ya ce in ɗora shi a jaki mu je fadama, in kuma ɗauko injin nan nawa.

"Wane injin, Baba?" na tambaye shi, don in ji da kyau.

"Kana da wani bayan na kama inuwar? An ce har murya yana kamawa. In ƙarya ne ka faɗa min tun yanzu, kada in wahalar da jakin mutane."

Na zaunar da shi a gindin mangwaron da ke bakin rijiyar fadama. Da na duba allo sai na ga fuskarsa baƙi ƙirin, don rana tana bayansa, na juya shi. Na gwada, na mayar na saurara, iska ce kawai take huu a ciki, na sake matsar da shi inda kututture zai tare ta, na matso kusa. Ya ce ni da injin nawa mun fi jakin taurin kai. Sannan ya gyara hularsa, ya dubi idon kyamarar kamar mutum ne a gabansa. Abin da ya faɗa ina riƙe da shi kamar karatun allo.

"Habu. Habu. Abubakar. Ni ne ubanka. Ban taɓa kiranka ba, ba don ban san sunanka ba, ni na raɗa maka shi a kunne. Kai ka ci da ni, kai ka rufa min asiri a garin nan. Ban taɓa kwana da fushinka ba. Wannan fadamar daga mangwaron nan zuwa gamba na ba ka ita kyauta, ba ta cikin gado. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi min."

Na dafe gwiwar hannu a cinya don kada hoton ya girgiza. Na mayar masa ya gani. Hoto tas, murya tas. Ya kalli kansa a ɗan allon ya ce ashe haka ya tsufa ba wanda ya gaya masa. Sannan ya kafa min sharaɗi. Kada wancan ya gani sai bayan shi Baba ya rasu, kada kuma idon kowa ya gani kafin nasa. Za ku ce me ya hana ni kwafa a wani wuri. A lokacin babu kwamfuta a garinmu, sai a shagon Gezawa, inda samari ke cika suna leƙa duk abin da aka buɗe. Kafin in dawo gida da maganar ta riga ni isowa. Don haka na zare katin, na naɗe shi a takarda, Baba ya ce in ba uwarmu ta ajiye. Na kai mata, na ce maganar Baba ce ga Yaya a ciki, kada ruwa ya taɓa shi, kada ya ɓata. Ta karɓa da hannu biyu.

Baba ya rasu bayan an kai amfanin gona gida. Kafin ya cika ya gaya wa ƙanensa, Baffa Sule, cewa akwai saƙon wancan a wurin Ilu, har da maganar fadama. Baffa ya sanar da dangi, aka sa ranar da za a kalla bayan an share makoki, aka aro talabijin da janareta daga gidan mai unguwa. Da hantsin ranar na shiga ɗakin Inna, tana cikin takaba, ta rame har wuyanta ya fito. Ta sa hannu cikin rigarta ta ciro wata laya sabuwa, jar fata, da igiya a wuyanta.

"Ga amanar Malam," in ji ta. "Na ga ɓera ya shiga adakata ya ci min zani, ga gara, ga danshi. Na ce abin da ke ɗauke da maganarsa ba zai kwana a kwalla ba. Na ba baduku ya ɗinke min shi da kyau. Tun ranar bai bar jikina ba, sai in zan yi wanka."

Tun rasuwar Baba ban ga haske a fuskarta ba sai a lokacin. Na yi mata godiya, amma na san yadda baduku ke ɗinka laya. Yakan jiƙa fata, ya naɗe, ya bubbuga ta don ta kwanta, sannan ya bi gefe da basilla. Shi a wurinsa takarda ce aka naɗe kamar kowace. Na shiga ɗakina na warware ɗinkin da reza. Katin yana nan, sai wani ɗan tabo a kusurwa kamar cizon ƙwaro. Na sa shi a kyamara na kunna. Ta rubuto da Turanci cewa ba ta iya karanta kati.

Babu abin da ban yi ba. Na kashe na kunna. Na cire batir na sa sababbi. Na duba ɗan makullin da ke gefen katin, na tura shi sama na tura shi ƙasa. Na goge haƙoransa na ruwan zinariya da magogin fensir, na hure ramin da yake shiga. Na sa wani katin don in san ko kyamarar ce, hotunan wata amarya suka fito suna yi min murmushi, na mayar da na Baba, rubutun nan ya dawo. Sai ta tambaye ni ko ta yi fomatin ɗinsa, wato ta share shi ya koma sabo, na zare shi da sauri kamar na taɓa wuta. Ina jin janareta ta tashi a waje, ina jin ana shimfiɗa tabarmi. Na fita zaure, dangi sun cika, Yaya Habu yana gaba da farar rigarsa ta Juma'a, ya yi aski. Mutumin da ya haura hamsin, ya zauna kamar yaron da za a ba kayan salla. Na ce katin ya ƙi buɗewa.

Bai yi fushi ba a ranar. Ya ce inji ne, inji yakan yi gardama, gobe mu shiga Birni. Muka je wurin wani mai gyara a Bacirawa da nake kai wa aiki. Ya sa katin a kwamfuta, shiru. Ya sauya abin karantawa, shiru. Ya ce in hotuna aka goge yana da hanyar dawo da su, ko fomatin aka yi akan dace, amma wannan kwamfutar ma ba ta san an sa mata komai ba. Sai ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba a bakin ƙofa, ya daɗe yana juya shi.

"Malam Ilu, wannan ai ba lalacewa ya yi ba. Huda shi aka yi. Ga inda tsinin ya shiga, ga tsagewa ta bi ta kan ƙwaƙwalwar. An ma buga shi da wani abu. Wannan ko Turawan da suka ƙera shi sai dai su yi maka jaje."

Yaya Habu ya juyo ya dube ni.

"A hannun wa yake tun ranar?"

Amsar tana bakina, kalma ɗaya ce. Amma na hango Inna a zuciyata da layarta a ƙirji. Matar da ba ta taɓa iya kiran ɗanta ba, abu ɗaya ta samu ta yi masa a duniya, ta tsare masa maganar ubansa, garin neman gira ta rasa ido. Na san Yaya ba zai ce mata komai ba, amma gidanmu gidan yawa ne, kafin magariba zancen ya kai ɗakinta. Ga takaba, ga hawan jini, ga ba ta cin abinci. Na ce a raina bari ta fita takaba ta yi ƙarfi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

"A hannuna yake, Yaya," na ce.

Muka hau mota muka dawo gida.

Da aka zo rabon gado na tashi na ba da shaida, na faɗi abin da Baba ya faɗa tun daga kiran suna har addu'a. Mazajen ƙannenmu suka ce bakin mutum ɗaya ne, kuma mutumin da katin ya mutu a hannunsa. Wani ma ya ce dabara ce, na kashe shaidar da za ta tsaya na kawo wadda na san ba za ta tsaya ba. Aka sa fadama a gado aka yanka ta. Na bi Yaya har gona na ce ya haɗa da rabona, ban so ko taku ɗaya. Yana kaftu, bai ɗago ba.

"Kana tsammani ƙasa nake wa? Riƙe abarka. Kai ya kira ka Ilu safe da yamma har ka gaji da amsawa. Ni sau ɗaya ya kira ni, ka tsaya kai kaɗai ka ji, sannan ka huda. Yanzu ka zo kana karanta min da bakinka. Ina zan san ba kai ka tsara ba?"

Kafin damina ta sake zagayowa ya ja katanga a tsakiyar gidanmu ya fasa ƙofarsa ta gabas. Ita ce katangar da kuka tashi kuka gani kuna tsammani da ita aka gina gidan. Inna ta fita takaba, amma ƙarfin da nake jira bai zo ba. Kullum in na shiga gaishe ta sai ta rage murya ta ce, har yanzu injin bai warke ba? In ce bai warke ba, Inna, ana nema masa magani. Ta ce ita dai ta sauke amana, ko a gaban Allah. In na ji haka sai in haɗiye abin da na shigo da shi. Ta san 'ya'yanta sun rabu, ta ɗauka fadama ce, takan ce min in bi yayana, ɗan'uwa rabin jiki ne. Haka muka yi shekaru. Na ci gaba da zuwa biki da kyamara, amma a garinmu an daina kirana, wa zai ba mai huda kati sirrin gidansa. Na yi baƙin ciki irin wanda ban iya kwatanta muku ba, kuma har yau in na tuna Bacirawa ban san ko daidai na yi ba. Na tsare zuciyar uwata, na kashe ta yayana, ban ga hanyar da zan tsare duka biyun ba.

Bayan rasuwar Inna na ɗauki fatar layar da katin na zagaya ta ƙofar gabas, karo na farko. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Na ajiye su a gabansa na faɗa masa komai, na nuna masa ramukan ɗinkin, na ce ya gwada da tabon. Badukun ya riga ya rasu, Baffa Sule ma haka. Ya ɗauki fatar ya juya ta, har na sa rai.

"Sai da ka bari ta mutu sannan za ka ɗora mata? Ilu, ka ji tsoron Allah. Ka raba ni da ubana, yanzu uwata kake so ka ɓata min? Tashi ka fita."

Na fita. Ban sake shiga zauren ba sai ranar da aka ce ya faɗi a fadama, a ɗan yankin da ya samu, aka ɗauko gawarsa a amalanke. Ni na yi masa wanka, don babu wanda ya fi ni kusa, ko da yake 'ya'yansa ba su so hakan ba. Da muka gama, kafin a rufe fuskarsa, na sunkuya a kunnensa na ce Habu, Habu, Abubakar, na karanta masa saƙon har ƙarshe. Liman ya dafa ni ya ce Malam Ilu, a yi haƙuri, ana jiranmu. Na sani sarai ba ya ji. Saƙon da aka ba ni in kai tsallaken tsakar gida ke nan, ban kai shi ba sai a kan makara.

Katin yana nan cikin fatarsa a aljihun jakar kyamara. Na kai shi wurare da yawa bayan nan, duk wanda ya duba sai ya girgiza kai. Kada ku wahalar da kanku bayan raina, babu kowa a ciki. Ku dai nuna wa 'ya'yan Yaya ramukan ɗinkin in sun yarda su duba, in sun ƙi kada ku yi musu dole.

Saura kai, babban cikinku, da na sa maka sunan yayana tun muna shiri. Ka san ban taɓa kiranka ba. Da sallar da ta wuce, da ka zo da iyalinka ka durƙusa kana gaishe ni, na yi niyya, wallahi na yi niyya. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, ku ce wa wancan ya miƙo min buta. Ka tashi ka miƙo, ka koma ka zauna. Na ga duk abin da wannan kunyar ta yi wa gidanmu, amma harshena ya ƙi, kamar yadda na Baba ya ƙi. Ƙanenka ya ce in yi magana a waya ya ɗauka ya tura maka, na ce a'a, na gama ba inji amana. Ga shi nan na rubuta da hannuna, tun ina da rai, kuma ka zo ka tambaye ni in kana shakka, zan gyaɗa maka kai.

Abubakar. Abubakar. Ni ne ubanka, ban taɓa kwana da fushinka ba.